Tambayoyi da Amsoshi a kan Fitattun Albam na Punk, Post-rock da Indie Folk

Masu son kiɗa da yawa suna jin sunayen nan uku, su shiga waya su nema, sai su tarar albam ya fi a ƙirga, su rasa ta inda za su kama. Ga tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu, tare da inda zuciyata ta fi karkata.

Me ya haɗa punk da post-rock da indie folk, alhali ba su yi kama ba?

In ta kunne za a bi, gaskiya ba su kama. Punk sauri ne da ihu, waƙa ɗaya ba ta cika minti uku ba. Post-rock dogon kiɗa ne da kan kai minti ashirin, sau da yawa babu mai rera komai. Indie folk kuwa galibi mutum ɗaya ne da jitarsa ta katako, yana waƙa ƙasa-ƙasa. Abin da ya haɗa su shi ne yadda ake yin faifan. Dukansu sun fito ne daga hannun mutanen da ba su tsaya jiran babban kamfani ya yarje musu ba.

A watan Janairun 1977 wasu samari daga Manchester, masu suna Buzzcocks, suka ci bashin kimanin fam 500 a wurin 'yan'uwa da abokai, suka buga ƙaramin faifai mai waƙoƙi 4 da suka kira *Spiral Scratch*, suka sayar da kansu. Wannan ya nuna wa dubban matasa cewa ashe abin mai yiwuwa ne. Daga irin wannan tunani ne ƙananan kamfanoni kamar Rough Trade da Dischord da Touch and Go da Merge suka tashi, kuma su ne suka riƙa fitar da post-rock da indie folk daga baya. Ita kanta kalmar indie gutsure ce daga kalmar Turanci mai nufin cin gashin kai.

Akwai mutum ɗaya da ya ratsa gidajen uku, wato Steve Albini na Chicago, wanda ya rasu a watan Mayun 2024. A punk ya taso, shi ya ɗauki sautin albam na farko na Slint, shi ya ɗauki *Yanqui U.X.O.* na Godspeed, dukansu 'yan post-rock, kuma shi ya ɗauki murya da kiɗan Joanna Newsom ta indie folk a *Ys*. Sunansa yana bayan faifai a kowane ɓangare.

Me ya sa ake ta maganar albam, ba waƙa ɗaya ba?

Saboda haka aka tsara su. Faifan garmaho fuska biyu gare shi, kowace tana ɗaukar kimanin minti 20, don haka mawaƙi sai ya zauna ya yi tunanin wace waƙa za ta buɗe, wace za ta rufe, me mutum zai ji in ya juya faifan. Wanda ya tsinci waƙa ɗaya daga tsakiya ya yi kamar wanda ya shigo ana tsakar tatsuniya.

Wane albam ne ya fara punk?

Yawancin mutane za su ce *Ramones*, wanda ya fito a Afrilun 1976 a New York, kuma ni ma can na tsaya. Gaskiya ne The Stooges sun riga su da shekaru bakwai, kuma Patti Smith ta fitar da *Horses* a Nuwamban 1975. Amma Ramones ne suka yanka wa abin tufa daidai jikinsa.

Samari huɗu ne daga unguwar Forest Hills, ba su haɗa uwa ko uba ba, amma kowa ya ɗauki sunan Ramone. Waƙoƙi 14 suka yi a cikin minti 29, kuɗin aikin duka kimanin dala 6,400, a zamanin da manyan ƙungiyoyin rock ke share watanni a situdiyo. Hoton bangon baƙi-da-fari ne, su huɗu a jingine da katangar bulo, cikin rigar fata da wandon jin da ya yage a gwiwa. Jitar kuwa ba ta wani shiga da fita, duka ne kawai ƙasa-ƙasa da sauri har waƙa ta ƙare. Albam ɗin bai yi kasuwa ba a lokacin, a mataki na 111 ya tsaya a jadawalin Amurka, sai a 2014 cinikinsa ya kai kwafi 500,000. Amma da suka je Landan a Yulin 1976, samarin da suka gan su suka koma gida da yaƙinin cewa su ma za su iya.

Tsakanin Sex Pistols da The Clash, wa ya fi?

Sex Pistols sun fi tayar da ƙura. Kamfanoni biyu, EMI da A&M, sun sallame su kafin Virgin ya fitar da *Never Mind the Bollocks* a Oktoban 1977. BBC ta hana sa waƙarsu ta zagin sarauta a shekarar da Sarauniya Elizabeth ke bikin cika shekara 25 a kan gado, har wani manajan kantin faifai a Nottingham ya tsaya gaban alƙali saboda ya baje bangon albam ɗin a taga, kodayake kotu ta wanke shi. Albam ɗin ya hau mataki na ɗaya a Birtaniya. Shi kaɗai suka yi a situdiyo, zuwa Janairun 1978 sun watse.

Amma in an ce in ɗauki ɗaya, *London Calling* na The Clash zan ɗauka, ba tare da wani dogon tunani ba. Ya fito a Disamban 1979, faifai biyu ne masu waƙoƙi 19, kuma ƙungiyar ta matsa sai da aka sayar da shi a farashi mai rahusa, kusan na faifai ɗaya. A nan punk ya buɗe ƙofa. Akwai reggae, akwai ska, akwai tsohon rock na shekarun 1950, ana maganar rashin aikin yi da yaƙin basasar Sifen da zaman ɗar-ɗar tsakanin 'yan sanda da mutanen unguwar Brixton. Hoton bangon Pennie Smith ce ta ɗauka a New York a Satumban 1979. Paul Simonon ne ya duƙa, ƙafafu a ware, ya ɗaga jitarsa ta bes da hannu biyu kamar mai faskare, saura ƙiris ta daki ƙasa. Hoton ma bai fita tas ba, amma shi ya zama tambarin punk. Albam ɗin Pistols zafinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. Na Clash kuwa ko bayan shekaru kana jin sabon abu a ciki.

Shin punk kiɗan fararen fata ne zalla?

A'a, kuma wannan kuskure ne da ke ci mini rai. A Detroit, wasu 'yan'uwa uku baƙar fata, 'yan gidan Hackney, sun ɗauki waƙoƙi a 1975 da sunan Death, tun kafin Ramones su fito da nasu. Sun ƙi canza sunan ƙungiyar, kamfanoni suka juya musu baya, kaset ɗin ya kwanta a ajiye sama da shekara 30. Sai a 2009 aka fitar da waƙoƙin nan 7 da sunan *...For the Whole World to See*. A Washington kuma akwai Bad Brains, baƙar fata mabiya Rasta, waɗanda albam ɗinsu na 1982 a kaset kawai ya fara fita. Ba a cika samun wanda ya kai su sauri da ƙwarewa ba, kuma suna cikin wannan gudun sai su sauko su yi reggae mai sanyi.

A Landan, mawaƙiyar X-Ray Spex, Poly Styrene, mahaifinta ɗan Somaliya ne. Albam ɗinsu *Germfree Adolescents* na 1978 yana sukar yadda talla da kayan roba suka mamaye rayuwar mutane, maganar da ta fi dacewa da yau a kan lokacin da aka yi ta. The Slits, mata ne, kuma Dennis Bovell, gwanin reggae haifaffen Barbados, shi ya shirya musu *Cut* a 1979. A Afrilun 1978 The Clash da X-Ray Spex da Steel Pulse sun hau dandamali ɗaya a Victoria Park don yaƙi da wariyar launin fata. Har Nijeriya ma da hannunta a gefe, domin Talking Heads, waɗanda suka taso a kulob ɗaya da Ramones, wato CBGB, sun gina *Remain in Light* na 1980 a kan salon Afrobeat na Fela Kuti, kuma ba su ɓoye hakan ba.

Ba kiɗan mashaya da marasa tarbiyya ba ne?

Akwai wannan a ciki, ba za a musa ba. Sid Vicious na Sex Pistols ƙwaya ce ta kashe shi a Fabrairun 1979 yana ɗan shekara 21, kuma waƙoƙi da yawa cike suke da ashar, don haka mai saurare ya zaɓa da lura. Sai dai daga cikin punk ɗin ne kuma aka samu masu ƙyamar wannan hali. Ian MacKaye na ƙungiyar Minor Threat a Washington ya yi waƙa a 1981 cewa shi ba giya ba ƙwaya, abin ya zama tafarki da matasa suka bi da sunan straight edge. Ƙungiyarsa ta gaba, Fugazi, masu albam ɗin *Repeater* na 1990, sun shekara da shekaru suna riƙe kuɗin shiga wasansu a wajen dala 5, suna yi a inda yara ƙanana ma za su iya shiga, kuma sukan tsayar da kiɗa in suka ga ana ture mutane a gaba.

Me ake nufi da post-rock?

Ma'anarsa abin da ya biyo bayan rock. Marubuci Simon Reynolds ne ya yaɗa kalmar a 1994, lokacin da yake sharhin *Hex* na Bark Psychosis a mujallar Mojo. Kayan kiɗan na rock ne, jita da bes da ganguna, amma ba a bin tsarin baiti da amshi. Ana gina sauti ne a hankali, hawa-hawa, kamar haɗuwar hadari.

Waɗanne ne tushensa?

Albam biyu ne.

Na farko *Spirit of Eden* na Talk Talk, 1988. Ƙungiyar pop ce da ta yi kasuwa da albam ɗinta na 1986, sai EMI ya sakar musu kuɗi da lokaci. Mark Hollis da abokan aikinsa suka shige situdiyon Wessex a Landan, inda aka ɗauki *London Calling* da albam ɗin Pistols, suka yi kusan shekara guda, sau da yawa cikin duhu. Sukan gayyaci makaɗa su buga abin da ya zo musu, daga baya a tsinci 'yan daƙiƙoƙi a zubar da saura. Abin da ya fito waƙoƙi 6 ne da shiru ya yi yawa a cikinsu, babu wadda rediyo za ta so. Su da kamfanin sai da suka kai ga kotu. Suka ƙara *Laughing Stock* a 1991 a wani kamfani, daga nan suka ajiye.

Na biyu *Spiderland* na Slint, Maris 1991. Samari huɗu ne daga Louisville a jihar Kentucky, da ƙyar suka haura shekara 20, kuma kafin faifan ya fito ma sun rabu. Shi ma waƙoƙi 6 ne. Mawaƙin bai cika rerawa ba, galibi labari yake bayarwa da raɗa, jita tana ɗigowa ɗaya-ɗaya, sai can a fashe da ƙara ba zato. A bangon, kawunansu huɗu kawai ake gani a saman ruwan wani tsohon ramin fasa dutse, suna kallon mai hoto. Mai hoton shi ne Will Oldham, abokinsu, wanda daga baya ya zama jigo a indie folk da sunan Bonnie "Prince" Billy.

Kiɗan da babu waƙa, me zan saurara a ciki?

Tambayar tana kan hanya. Kunnen da ya tashi da Shata da Ɗan Maraya ya saba jiran magana, kiɗa rakiya yake yi mata. A nan sai an sauya wurin sa kunne. Ka bi ganga, ka lura da lokacin da jita ta biyu ta shigo, ka ji yadda 'yar karin nan guda ke maimaituwa tana ƙara kauri har ta cika ɗaki.

Mafi sauƙin shiga shi ne *The Earth Is Not a Cold Dead Place* na Explosions in the Sky daga Texas, 2003, kiɗa 5, masu haske da taushi. Sai *Young Team* na Mogwai daga Glasgow, 1997, wanda ke rufewa da kiɗan minti 16. Hattara da shi in kana sanye da iyafis, don yakan yi ƙasa har ka ƙara murya, sai ya auko maka gaba ɗaya. Masu son ƙwallo wataƙila sun ji Mogwai ba su sani ba, domin su suka yi kiɗan fim ɗin 2006 da kyamarori 17 suka bi Zidane shi kaɗai a wasan Real Madrid da Villarreal.

Ƙololuwar abin a wurina shi ne *Lift Your Skinny Fists Like Antennas to Heaven* na Godspeed You! Black Emperor, taron makaɗa daga Montreal a Kanada, 2000. Kiɗa 4 ne kacal, kowanne kimanin minti 20. Babu mawaƙi, sai muryoyin da aka ɗauko daga titi, wani mai wa'azi, wani tsoho yana tuna yadda bakin tekun Coney Island yake a ƙuruciyarsa. Na fara jin sa ne da dare bayan an ɗauke wuta, unguwa ta yi tsit sai ƙarar janareta daga nesa. Kiɗan farko ya soma da jita siririya da ƙaho, ganguna suka shigo kamar fareti, kafin minti shida na tashi zaune ban san na tashi ba. Mutanen nan siyasarsu ba a ɓoye take ba. A bayan bangon *Yanqui U.X.O.* na 2002 sun zana taswirar da ke nuna alaƙar manyan kamfanonin faifai da masu ƙera makamai.

Da wane harshe Sigur Rós suke waƙa?

A *Ágætis byrjun* na 1999, wanda ke nufin kyakkyawan farawa, yawanci da harshen Iceland ne, ƙasar da mutanenta ba su kai 300,000 ba a lokacin. A albam ɗin 2002, wanda sunansa baka biyu ne kawai babu komai a tsakani, kiɗa 8 ne marasa suna, kuma gaɓoɓin da mawaƙinsu Jónsi ke rerawa ba su da ma'ana a kowane harshe. Jitarsa kuwa ba kaɗa ta yake yi ba, goga ta yake da sandar babban gogen Turawa.

Daga ina indie folk ya samo asali?

Daga faya-fayan da ba su yi kasuwa ba a zamaninsu. Nick Drake, ɗan Ingila, ya ɗauki *Pink Moon* cikin dare biyu, ya fito a 1972. Waƙoƙi 11 ne a minti 28, murya da jita kawai, in ban da ɗan fiyano a waƙa ɗaya. Ya rasu a 1974 yana da shekara 26, bai ga yabon ba. Tallar motar Volkswagen ta 1999 ce ta kai shi kunnen miliyoyi. Vashti Bunyan kuma ta tashi daga Landan a keken doki zuwa tsibiran arewacin Sikotland, tana tsara waƙoƙi a hanya. *Just Another Diamond Day* ya fito a 1970, ba a saya ba, ta bar waƙa. Da aka sake buga shi a 2000 matasa suka rungume shi, ta dawo da albam na biyu a 2005, bayan shekara 35.

Waɗanda suka ɗora a shekarun 1990 su ne Elliott Smith da *Either/Or* a 1997, da Neutral Milk Hotel da *In the Aeroplane Over the Sea* a 1998, wanda Jeff Mangum ya rubuta bayan labarin Anne Frank ya tsaya masa a rai.

Da gaske ne Bon Iver a cikin daji ya yi albam ɗinsa?

Da gaske ne, da ɗan gyara. Justin Vernon, wanda shi ne Bon Iver, ƙungiyarsa ta watse, soyayyarsa ta mutu, ga ciwo, sai ya bar North Carolina ya koma ɗakin katako na farauta na mahaifinsa a Wisconsin, ya yi kimanin wata uku a hunturun 2006 zuwa 2007. Can ya ɗauki yawancin waƙoƙi 9 na *For Emma, Forever Ago*, yana rera siririyar murya yana ɗora wata a kan wata har ta zama kamar taron 'yan amshi. Gyaran shi ne, ƙaho da wasu ganguna daga baya aka ƙara su. Shi ya fara fitar da shi da kansa a 2007, kafin kamfanin Jagjaguwar ya ɗauka a 2008. Mutanen Nijar za su gane sunan Bon Iver nan take, daga gaisuwar Faransanci ce ta fatan hunturu mai kyau.

Wane ne ya fi taɓa zuciya?

*Carrie & Lowell* na Sufjan Stevens, 2015. Carrie mahaifiyarsa ce, ta bar shi tun yana ɗan shekara ɗaya, ta yi fama da taɓin hankali da shaye-shaye, ta rasu a 2012. Lowell mijinta ne na wani ɗan lokaci, wanda ya ci gaba da riƙe yaron kamar ɗansa, har suka kafa kamfanin faifai tare. Mutumin da ya cika *Illinois* na 2005 da ƙaho da 'yan amshi, a nan ya zubar da komai sai jita da raɗa. Yana makokin uwar da bai samu zama da ita ba, yana neman yafe mata, kuma bai yi wa kansa ado a ciki ba. Duk wanda ya binne mahaifi da sauran maganar da ba su yi ba zai gane shi ko Turancinsa kaɗan ne.

Mai son abin da ya fi faɗi ya nemi albam na farko na Fleet Foxes daga Seattle, 2008, inda muryoyi ke tafiya tare. Bangonsa zanen Pieter Bruegel ne na 1559, ƙauye guda da aka cusa karin magana sama da 100 a cikinsa, kowane mutum yana aikata ɗaya. Sai *Ys* na Joanna Newsom, 2006, waƙoƙi 5 a minti 55, da babbar garayar Turawa mai tsirkiya da yawa. Muryarta takan ɗauki lokaci kafin kunne ya saba.

Ana lissafa *Folklore* na Taylor Swift a ciki?

Ta salo, e. Aaron Dessner na The National ya shirya yawancinsa a 2020, Bon Iver ma yana ciki, kuma ya ci Grammy na albam ɗin shekara. Ta fuskar cin gashin kai kuwa a'a, babban kamfani ne ya fitar. Ƙofa ce mai kyau ga wanda zai wuce ciki.

Akwai wata alaƙa da ƙasashenmu?

Akwai, ta Nijar. FatCat, ƙaramin kamfanin Ingila da ya fitar da Sigur Rós a Birtaniya kuma ya dawo da Vashti Bunyan, shi ya fitar da *Kaani* na Tal National daga Yamai a 2013, da *Zoy Zoy* a 2015, da *Tantabara* a 2018. Suna waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci, kuma saurin jitarsu ya sa masu son punk a Turai da Amurka suka karɓe su hannu bibbiyu. Mdou Moctar, Ba'abzine mai buga jita da hagu, wanda waƙoƙinsa suka fara yawo ta katin waya, kamfanin Matador na New York ne ya fitar masa da *Afrique Victime* a 2021 da *Funeral for Justice* a 2024. Mai buga masa bes, Mikey Coltun, a dandalin punk na Washington ya taso. Kiɗansu ba punk ba ne, na Sahara ne, amma a hannun mutane ɗaya yake yawo.

Ta ina zan fara?

Da *Ramones*, tunda rabin awa ma bai cika ba. Washegari *Pink Moon*, shi ma haka. In ka samu daren da babu mai kiran ka, ka sauke *Lift Your Skinny Fists* tun da rana saboda data, ka caja waya, ka sa iyafis, ka bar kiɗa na farko ya kai ƙarshe kafin ka taɓa komai.